Sawu a Gidan Gem ɗin Eunice

Ranar Talata da hantsi Eunice ta buɗe kwalin, ta ga abin da ya sa ta zauna daɓas a siminti ba tare da ta nemi kujera ba.

Gidan gem ɗinta, inda ake biya a buga wasa a talabijin, yana layin shagunan da ke bayan tasha a Kontagora, ɗaki ɗaya ne mai talabijin uku da bencina, inda 'yan kabu-kabu da direbobin napep suke zuwa su kashe rana idan fasinja ya yi ƙaranci. Shekara bakwai tana lallaɓa tsofaffin na'urori uku. Bana ta daure ta sayi sabuwa, irin wadda ake cewa ta fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba, ta kuma shelanta cewa ba mai taɓa ta sai ranar gasar ƙwallo ta ƙarshen wata. Ta ba Andarawus mai gyara ya haɗa mata ita, ya dawo da ita cikin kwali, ta kulle a kabad, ta tafi Rijau jinyar mahaifiyarta. Sati uku ta ce za ta yi. Tsohuwa ta sami sauƙi da wuri, ita kuma ta dawo a kwana na goma sha shida. Kwaɗon kabad yana nan lafiya lau, kwali yana inda ta bar shi. A cikinsa kuwa wata matacciyar tsohuwar na'ura ce, an manna mata takarda an rubuta "ta mutu", kuma kowa a layin ya san rubutun Andarawus ne.

Kafin a ce kwabo layi ya cika. Mutanenmu dai ba a kiran su aikin gayya su zo da wannan saurin. Wanda jiya ya kai wa Andarawus waya gyara yau shi ne mai cewa dama ya daɗe yana ganin take-takensa. Wata mata ta shiga shagonsa ta ɗauke rediyonta da hanjinsa a waje. Andarawus yana tsaye a bakin ƙofa, mutum mai furfura da tabarau, shekara goma sha tara yana gyara a wurin ba a taɓa cewa ya ɓatar da ko noti ba, yana ta faɗin magana ɗaya kamar wanda ya manta sauran.

"Ni sabuwa na kawo. Allah ya sani sabuwa na kawo."

Ciyaman na ƙungiyar 'yan layin, Alhaji Mainasara, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce ba za a taɓa kowa ba, amma idan aka yi sallar la'asar na'ura ba ta fito ba, da kansa zai kai Andarawus ofishin 'yan sanda, ƙungiya kuma ta sa wa shagonsa kwaɗo. Sannan ya ce a kira Na'Allah.

Na'Allah ya yi shekara talatin yana bin sawun shanun sata a dazukan Mashegu, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, ya dawo gari yana sayar da igiya. Bai san komai a kan gem ba, kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa ba cewa ƙato da gemu ya zauna yana danna roba ai lalacewa ce. Amma ya san Andarawus. Ya ga halin da mutumin yake ciki, abin ya taɓa masa zuciya ƙwarai, domin ya sha ganin yadda ake kashe mutum da baki tun yana tsaye da ƙafarsa.

"Ku fita min duka," ya ce. "Kun riga kun tattake abin da zan gani, kada ku ƙarasa sauran."

Bai kula kwaɗon ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya shafa simintin da ke gindin kabad ɗin. Akwai ƙarce biyu sababbi, inda aka jawo shi daga bango aka mayar. Ya sa aka ja masa shi, ya leƙa baya. Falankin bayan yana nan a kafe, amma kawunan ƙusoshin suna ƙyalli, kuma kowace ƙusa an mayar da ita raminta na asali. An cire bayan, an ɗauki abin da za a ɗauka, an rufe.

"A nan aka yi musayar," ya gaya wa Eunice. "Da daga shagonsa ya kawo miki matacciya, me zai kai shi bayan kabad?"

Eunice ta share ido da gefen gyale. "Baba, ni ma ban so ya zama shi ba. Shi ya haɗa min wayar gidan nan tun farko. Amma rubutunsa fa?"

"Wa ke da makullin ɗakin?"

"Ƙanena Philip. Shi na bar wa shago."

Philip magidanci ne mai 'ya'ya biyu, amma da Na'Allah ya zaunar da shi a benci sai ya kama zufa kamar mai laifi. Ya ce makulli ba ya barin aljihunsa. Na'Allah ya ci gaba da kallonsa kawai. Philip ya ce, to, sai ranar Lahadi idan zai tafi coci, yakan bar shi wurin Ruka mai kunu don masu zuwa da wuri. Na'Allah bai ɗauke ido ba. Philip ya sunkuyar da kai.

"Akwai abin da ban gaya wa Anti ba. Faifai ɗaya ya ɓata."

"Wane faifai?"

"Na tsohon gem ɗin ƙwallon nan da kowa ke bugawa. Uku muke da su, saura biyu. Tun Lahadin farko da ta tafi ban sake ganin sa ba. Tsoron faɗanta nake ji, shi ya sa na yi shiru."

"Mai tsada ne?"

"Ina fa. Duk ya karce. Ko kyauta ka ba wani a kasuwa ba zai karɓa ba."

Na'Allah ya riƙe wannan a ransa. Ya tambayi ko akwai baƙon ido da ya shigo a kwanakin. Philip ya ce babu, sai ma raguwa da aka yi, don wasu na gida ma sun ɗauke ƙafa, har Ɗantani zakaran gidan ya fi sati biyu bai leƙo ba, wai aiki ya yi masa yawa. Da jin sunan Na'Allah ya kawar da kai ya gyara zama. Ɗantani kafinta shi ke auren Salihatu, autarsa, kuma ba kyau suruki ya zauna ana yi masa hirar wasan da mijin 'yarsa yake yi. Ya wuce zancen da sauri, ya tashi.

Ruka tana zaune a bakin ƙofar gidan gem da robar kunun zaƙi da tiren ƙosai, fuskarta a murtuke, don ta riga ta ji ana raɗa sunanta. Kowa ya tuna ranar da aka kawo sabuwar na'ura ta ce da bakinta Allah ya sa a sace.

"Na faɗa, Malam, ba zan musa ba," ta ce. "Kuma da dalili. Ka san abin da nake ci a nan? Tsohon gem ɗin nan idan an zaɓi kulob, sai ya tsaya yana lodi, allo ya yi baƙi, ya kai minti biyu kafin 'yan wasa su fito. Da an ga baƙin nan kowa ajiye abin dannawa yake, wanda suke ce wa fad, ya fito ya sha kunu. Har suna aka sa masa, lokacin Ruka. Shekara bakwai haka ake yi, ba wanda ya taɓa zama yana kallon baƙin allo. Sai Andarawus ya zo yana ba da labari wai sabuwar ba ta lodi. To ni in ci ƙasa?"

"Makullin fa?"

Ta ɗaga ledar teburinta ta nuna masa wata ƙusa a ƙasa. "Nan yake rataya ran Lahadi. Ni nakan zo sai ƙarfe goma. Duk ɗan gidan nan ya san wurin, har mutanen da ba su san ranar haihuwar 'ya'yansu ba."

Ya dube ta da kyau. Mace ce mai baki, amma mai baki daban, mai cire ƙusa ya mayar ramin da ta fito daban. Ya sha kunu kofi ɗaya don kada ta ce ya zo tuhuma kawai, ya wuce.

An kira azahar yana shagon Andarawus. An riga an kwashe rabin kayan da ke kan teburin. Matar Andarawus ta kawo abinci ta koma da shi bai taɓa ba. Ya nuna wa Na'Allah bayan shago, inda yake tara matattun na'urori a ƙarƙashin wani yagaggen buhu, fili fetal, ko akuya na iya ɗauka.

"Wannan ba zai cece ka ba," Na'Allah ya ce a hankali. "Za su ce kai ka fi kowa sanin wurin, kuma kana da abin cire ƙusa. Gaya min wani abu. Me wannan sabuwar take yi wa tsohon gem?"

Mutum ko yana bakin kabari, ka tambaye shi sana'arsa sai ya farfaɗo. Andarawus ya gyara tabarau.

"Malam, gem ɗin ɗaya ne, faifai ɗaya ne, injin ne ya bambanta. Sau ɗaya na gwada ranar da na haɗa ta. Lodin da ke cin minti biyu, kafin ka ƙirga biyar an busa usur. Hoton ba ya kakkarewa, 'yan wasa suna gudu sumul. Amma babban abin yana hannu. Tsohuwar tana da ɗan jinkiri, idan ka danna sai ta ɗan yi tunani kafin ta amsa. Don haka duk wanda ya ƙware a kanta ya koyi sakin maɓalli kafin lokaci, musamman a bugun firikik. Sabuwar ba ta tunani, kana saki ta buga. Na ma gaya musu a gidan gem, na ce ranar gasa hannuwanku za su ci amanarku, gwani zai koma ɗan koyo."

"In mutum ya yi sati biyu yana bugawa a sabuwar, sannan ya dawo tsohuwar fa?"

 "Zai makara. Ƙwallo za ta riƙa tashi sama."

Na'Allah ya murza gemu. Ɓarawon da zai sayar ba ya tsayawa ɗaukar karcaccen faifai. Ba ya kuma wahalar da kansa ya mayar da ƙusa raminta, sai in yana da niyyar sake buɗewa. Wanda ya ɗauki na'urar nan so yake ya buga, kuma in haka ne ya yi sati biyu yana bugawa. Saniyar da ta kwana biyu a hannun ɓarayi, ko an dawo da ita garke takunta yakan nuna.

Ya je wurin Ciyaman ya ce a tara masa Andarawus da Philip da Ruka a gidan gem, a kunna tsohuwar na'ura, kowa ya buga a gabansa.

"Wasa za mu yi, Malam?" Alhaji Mainasara ya duba agogo. "Saura awa ɗaya fa."

"Kai ka kira ni, Alhaji. In ka fasa in koma ga igiyata."

Ɗakin ya cika har taga. Ruka ta ce ita ko riƙe fad ba ta iya ba, aka yi dariya kaɗan, dariyar ta mutu da wuri. Sai wani ya ce ai sai an sami wanda za su kara da shi, wanda kowa ya san hannunsa, don a gane bambanci. Baki ya zo ɗaya, a kira Ɗantani. Na'Allah ya buɗe baki zai ce a nemi wani, amma bai da dalilin da zai faɗa a gaban mutane, kuma an riga an tafi. An daɗe kafin a zo da shi. Ya shigo da garin katako a gashinsa, ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya mutan gidan?"

"Suna lafiya."

Iyakar maganarsu ke nan, kuma a shekara huɗu ba ta cika wuce haka ba. Ɗantani ba ya kallon fuskar surukinsa, shi ma Na'Allah ba ya kallon tasa, ko sunansa ba ya kira. Don haka da aka zaunar da Philip da Ɗantani a benci ɗaya, Na'Allah ya kafe Philip da ido, ta ɓangaren surukinsa kuwa ya sauke kai ƙasa yadda kunya ta tanada. Abin da ke gaban idonsa sai ya zama hannuwan Ɗantani.

Aka zaɓi kulob. Allo ya yi baƙi.

Philip ya ajiye fad a benci ya miƙe, har ya yi taku ɗaya zuwa ƙofa kafin ya tuna ba kunu aka zo sha ba. 'Yan kallo uku ma sun juya. Ruka da kanta ta kai hannu gefenta tana laluben ludayin da babu. Sabo turken wawa, duk ɗakin ya motsa.

Ɗantani bai motsa ba. Ya ranƙwafa gaba, fad a hannu, manyan yatsunsa biyu a kan maɓalli, yana jiran usur. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Yatsan dama ya danna. Allo yana nan baƙi. Ya sake dannawa. Sannan hannuwan suka ankara, suka sassauta, suka ajiye fad ɗin a hankali a kan gwiwa kamar wanda ke ajiye ƙwai.

Ba wanda ya lura, kowa Philip yake kallo. Na'Allah kaɗai ya gani. Ya roƙi Allah a zuciyarsa ya sa idonsa ne ya tsufa.

Aka fara wasa. Philip ya buga yadda ya saba, wato ba kyau ba daɗi. Minti kaɗan aka ba Ɗantani firikik a bakin da'ira, ɗakin ya yi tsit, domin shekara bakwai ba a taɓa ganin ya zubar da irin wannan ba. Ya saki, ƙwallo ta tashi sama can kan 'yan kallo. Wani ya ce tsautsayi. Aka sake ba shi wani daga ɗaya gefen, ta sake tashi, daidai irin tashin farko.

Aka tashi Philip aka zaunar da Andarawus. Allo na yin baƙi ya ajiye fad ya cire tabarau yana gogewa. Ɗantani wannan karon ya yi saurin ajiyewa, har fad ɗin ya faɗi ƙasa. Andarawus ya buga kamar mai gyara, a hankali, yana sakin maɓalli da wuri irin na 'yan tsohuwar na'ura. Ba abin gani a hannunsa.

Daga masallacin tasha aka kira la'asar. Alhaji Mainasara ya miƙe ya kaɗe riga.

"To Malam, mun yi wasan. Ka ga sawu ko ba ka gani ba?"

 Na'Allah ya tuna bai tambayi wanda ya ƙera kabad ɗin ba, shi da ke tambayar har wanda ya ba saniya ruwa. Tun da ya ga ƙusoshin nan zuciyarsa ta ce kafinta, shi kuma ya ce mata kafintoci sun fi arba'in a Kontagora. Yanzu in ya ce bai ga komai ba, ba wanda zai ƙaryata shi. Za a ce tsoho ya yi iyakar ƙoƙarinsa, daji daban gari daban. Salihatu tana da cikin wata takwas, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ɗaga kai sai ya ga Andarawus yana cire agogonsa yana miƙa wa matarsa ta taga, don ya ji an ce ana karɓewa a ofis. 

"Na gani," ya ce.

"Ina ya shiga?"

"Eunice, wa ya ƙera miki kabad ɗin nan?"

Ta buɗe baki, ta dubi benci, ta kasa. Ba sai ta faɗa ba, rabin ɗakin sun sani.

Na'Allah ya juya, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya dubi surukinsa a fuska.

"Ɗantani. Da allo ya yi baƙi kowa a ɗakin nan ya tashi shan kunu, har mai kunun. Kai ka riƙe fad kana jiran usur. A ina ka saba da gem ɗin nan ba ya lodi?"



"Na'ura ɗaya ce a layin nan take haka," Na'Allah ya ci gaba. "Ba wanda ya taɓa buga wannan faifan a kanta sai mai gyara, sau ɗaya. Hannunsa yana nan yadda yake. Naka ya canza. Ƙwallonka biyu sun tashi sama saboda ka daina saki da wuri."

Ɗantani ya zame daga benci ya durƙusa. 

"Ba sata na yi niyya ba, Baba. Wallahi mayarwa zan yi. Da Oga Andarawus ya ce gwani zai koma ɗan koyo, na kasa barci. Ni ba ni da komai da ake kira na da shi a garin nan sai wannan. Na ce in ɗan saba da ita kafin gasa, in mayar ranar Lahadi mai zuwa. Ban san za ta dawo da wuri ba."

"Da safe kana ina?"

"Ina wurin aiki."

"Ka ji abin da ake yi wa mutumin nan?"

Ya ce, "Na ji."

"Wannan ita ce satar," Na'Allah ya ce. "Na'ura ai roba ce."

Hayaniya ta so ta tashi, Ciyaman ya tsawatar. Waɗanda da safe suka daɗe suna ganin take-taken Andarawus yanzu su ne ke rige-rigen riƙe masa hannu, kowa na cewa shi dama ransa bai ba shi ba.  Andarawus ya miƙa hannu, matarsa ta ɗaura masa agogonsa. Da zai fita ya tsaya gaban Na'Allah kamar zai yi magana, ya dafa kafaɗarsa kawai ya wuce. Eunice ta bi bayansa tana kuka tana kiran sunansa.

Alhaji Mainasara ya ce maganar Ɗantani ta ƙungiya ce da Eunice, za a zauna bayan salla, amma a fara kawo kaya. Zai tura mutum biyu. Na'Allah ya ce ba mai shiga ɗakin 'yarsa, shi zai je.

Labari ya riga shi isa, kamar kullum. Ya tarar da Salihatu tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, hannu ɗaya a ƙugu saboda nauyin ciki, na'urar tana ƙasa a gabanta an naɗe ta da tsohon zani, faifan a kai. Idanunta sun kumbura. Ta ɗan rusuna iyakar yadda cikin ya bari.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yauwa, Auta. Kin san da ita?"

"Ce min ya yi aro aka ba shi. Sai yau da safe na gane."  "Tun da aka ce kai aka kira nake zaune ina jiran ka. Na san nan za ka ƙare."

Ya sunkuya zai ɗauka, gwiwa ta ƙi, sai da ya dafa bango.

"Baba," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Da nan ka fara zuwa ka tambaye ni a ɗaki, da na ba ka. Ka ce a bayan tasha ka tsinta, wa zai musa maka? Yanzu ɗan da zan haifa, da wane suna za a riƙa nuna shi a layin nan?"

Wannan tambayar ta fi duk tafiyar dajin da ya taɓa yi wahala. Ya so ya ce mata ta yi gaskiya, don ta wani wajen ta yi. Ya rungumi na'urar a ƙirjinsa ya miƙe.

"Da a ɗaki aka ce wa Andarawus ɓarawo, Auta, da a ɗaki na wanke shi. A tsakiyar layi aka faɗa. In na ce tsinta na yi, har ya mutu za a riƙa cewa shi ya jefar da ya ji tsoro. Shi ma yana da 'ya'ya."

Ta dube shi, hawaye na zuba ba ta share ba. Ba ta ce ya yi daidai ba, ba ta kuma ce bai yi ba. Ta juya ta shiga ɗaki ta saki labule.

Na'Allah ya ɗan tsaya ko za ta sake magana. Da ya ji shiru sai ya gyara riƙon kayan ya fito. Akwai lungu ta bayan gidajen da zai kai shi ƙofar Eunice ba tare da kowa ya gan shi ba. Ya bar shi ya bi ta babban titi, ya shiga layin tun daga farkonsa, ya wuce ta gaban shagon Andarawus a hankali, da zanin 'yarsa a hannu, kowa yana kallo.